Bin Sawun Aikin Sojan Mahaifi Ta Hanyar Hotunan Gida

A garuruwan kudancin ƙasar Katsina, tun daga Ƙanƙara da Ƙetare har Faskari da 'Yankara da Sabuwa, akwai gidaje da dama waɗanda idan aka buɗe adakar tsohuwa, ko aka zazzage jakar takardun marigayi bayan an raba gado, za a tarar da hoton wani saurayi cikin kaki, ya ƙame, ya zuba wa mai ɗauka ido; amma idan ka tambayi 'ya'yansa da jikokinsa labarin wannan kakin, iyakar abin da za su iya gaya maka shi ne Baba ya yi soja. Wace runduna ya zauna, wace shekara aka ɗauke shi, wace ƙasa ya taka, da wa da wa suka tafi, wa ya dawo wa bai dawo ba, duk wannan ya bi mai shi kabari, sai ɗan abin da ya maƙale a jikin hoton da kuma bakin tsofaffin da suka rage. Maƙasudin wannan rubutu shi ne bayyana tafarkin da mutum zai bi ya tattaro wannan ɗan abin, ya auna shi, ya jera shi, har ya zama tarihin da za a dogara da shi.

Aikin na gaggawa ne, domin da can gara da ɗigar damina ne kaɗai abokan gabar takarda, yanzu kuwa ga fitinar 'yan fashin daji da ta tayar da ƙauyuka a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wadda duniya ta ji amonta sa'ad da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. Kuma wanda ya fita gidansa da tsakar dare da yara a hannu ba ya tuna adaka. Wasu magada kuma kan ƙone hotunan da gangan saboda tsantseni a kan hukuncin sura. Ni dai ina roƙon irin waɗannan su dakata su tambayi malamansu tukuna, gama malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin sura mai inuwa da wadda ke shimfiɗe a takarda, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu da rataye hoto a bango ba yana iya adana shi a rufe a matsayin takardar shaida.

Asalin da za a gina aikin duka a kansa shi ne a ɗauki hoto a matsayin mai ba da shaida, a yi masa irin binciken da malaman hadisi suke yi wa ruwaya. Suna duban isnadi, wato silsilar waɗanda labari ya biyo ta hannunsu, sannan su dubi matani, wato abin da labarin ya ƙunsa. Isnadin hoto shi ne sanin daga hannun wa ya fito, shi kuma wa ya ba shi, kuma wa ya fara cewa wannan fuskar ta wane ce. Mataninsa kuwa shi ne hula da riga da lamba da igiya da duk abin da ido zai gani. Sa'an nan duk abin da mai bincike ya samu ya ajiye shi a ɗayan matakai uku, ko yaƙini, ko zato mai rinjaye, ko shakka, kada kuma ya yarda son da yake yi wa mahaifinsa ya ɗaga wani labari daga matakin ƙasa zuwa na sama ba da hujja ba.

Farkon aiki tarawa ne. A bi ɗakunan matan marigayi, da gidajen gwaggonni da kawunnai, da na 'yan'uwa mata da aure ya kai Funtuwa ko Malumfashi ko Ɗandume, gama soja ya fi aika hotonsa ga mahaifiyarsa ko ga wadda yake nema, kuma mata sun fi maza riƙon irin wannan amana. Kada a nemi a raba kowa da nasa, domin wannan kan jawo a ɓoye sauran. A ɗauke shi da wayar hannu a nan inda yake, a inuwa mai haske, ba tare da walƙiyar waya ba, gaba da baya, a kuma rubuta a littafi sunan mai shi da ranar da aka gan shi. Hoton da ya manne a gilashi ko a kwali kada a ɓamɓare shi, kada a goge shi da ruwa, kada a kai shi a liƙe da roba mai zafi kamar yadda ake yi wa katin shaida, gama wannan ba a warware shi, kuma kada a rubuta masa kome da biro. In rubutu ya zama tilas, fensir mai laushi a gefen baya ya wadatar. Tare da hotuna a nemi takardar sallama, da littafin albashi, da katin fansho, da wasiƙu, da lambobin yabo, ko da maɓallin riga guda ne.

Kafin a tsaya kallon fuska, a juya hoton. A baya ne ake samun hatimin ɗakin ɗaukar hoto da sunan garinsa, wanda sau da yawa shi kaɗai kan yanke gardama: hatimin Sabon Garin Zariya yana nuni da lokacin kurtu, domin tun 1924 a Zariya ake horar da sababbin sojoji, hatimin Bombay ko Calcutta ko Madras yana tabbatar da cewa mutumin ya ƙetare teku zuwa Indiya, hatimin Inugu ko Anacha ko Fatakwal yana karkata ga Yaƙin Basasa ko zaman da aka yi bayansa. A nan kuma ake samun rubutun ajami, wanda jikoki 'yan boko kan ɗauka addu'a ce su wuce, alhali kuwa sau da yawa gaisuwa ce da sunan wanda aka aika wa da sunan sansanin da aka rubuto. A kai shi ga malamin zaure ya karanta. Mafi daraja daga abin da za a samu shi ne lambar soja. Ta 'yan Nijeriya a zamanin Turawa tana farawa da haruffan NA, ta waɗanda suka shiga daga 1963, har da ɗimbin waɗanda aka ɗauka lokacin Yaƙin Basasa, tana farawa da 63NA. Muhimmancin lamba kuwa ya zo ne daga yadda magatakardan soja suke rubuta suna: galibi sunan yanka ne da sunan gari, kuma mutumin ƙauyen Faskari yana iya zama Audu Katsina ko Audu Funtuwa a takarda, saboda shi ne garin da mai rubutu ya sani, ga kuma karkatar da haruffa irin ta Turawa, ga waɗanda suka shiga da sunan aro don kada iyaye su gano su. Masu suna ɗaya a runduna ba su ƙidayuwa, amma lamba ta mutum guda ce.

Sa'an nan a juyo ga kayan jiki, a fara tambayar wane zamani ne. Rundunar da iyaye da kakanni suka shiga kafin 'yancin kai ita ce wadda Lugga ya kafa a 1897 don tsaron ƙasashen Ingila na Afirka ta Yamma, wadda daga 1928 ake taƙaita sunanta da RWAFF, kuma alamarta itacen kwakwar manja ne da waɗannan haruffa a gindinsa. Duk inda ka ga wannan itace a hula ko a wuyan riga, hoton na zamanin Turawa ne. Kayan faretinta jar dara ce da jar falmaran mai adon rawaya da jar ɗamara da gajeren wando, da ƙyalle naɗe a ƙwauri, kuma kafin Yaƙin Hitila sojan Afirka ba takalmi yake fareti. Wanda ka gani da malafa mai faɗin baki, an lanƙwashe mata gefe guda, da takalmi a ƙafa da adda a kugu, to wannan shirin daji ne na shekarun 1940. Bayan da ƙasa ta zama jamhuriya a 1963 kambin Sarauniya ya fita daga kayan soja, gaggafa ta maye gurbinsa, tambarin kuma ya zama gaggafa bisa tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci a ƙasa. Wanda kuwa ya ɗora hula mai laushi da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, a fara neman labarinsa a Kwango tsakanin 1960 da 1964, ko a Labanan daga 1978.

In an tabbatar hoton na Yaƙin Hitila ne, to a zura ido a kan kafaɗa, gama nan ne zancen ya fi armashi. Sojan Nijeriya sun yi wannan yaƙi a fage biyu manya. Na farko shi ne Gabashin Afirka, inda suka kara da Italiya a 1940 da 1941, suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, suka bi sahara da duwatsu har Harar ta ƙasar Habasha. Na biyu shi ne ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, inda suka kara da Japanawa. Don wannan aka kafa runduna biyu a 1943, ta 81 da ta 82. Alamar ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, ta 82 kuwa masu ne guda biyu a gicciye bisa gammo. Mai gizo-gizo a kafaɗa, mafi rinjaye ya bi kwarin kogin Kaladan a 1944, sai fa in yana cikin bataliya ta 6 ko ta 7 ko ta 12, waɗanda aka cire aka haɗa da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, aka sauke su a bayan abokan gaba. Mai masu da gammo kuwa ya yi yaƙin Arakan ne, kuma rundunonin biyu sun haɗu wajen cin garin Myohaung a watan Janairu na 1945. Saboda haka idan tsoho ya kasance yana ambaton wasu sunaye da yara suke ɗauka tatsuniya ce, a gwada su da sunayen barikokin ƙasar nan, gama Kalapanzin da Dalet na Kaduna, da Chindit na Zariya, da Arakan da Dodan da Myohaung na Ikko, duka daga can aka ɗebo su.

Gammon nan yana da dalili da ya kamata magada su sani. Dajin Bama da tsaunukansa ba su da hanyar mota, sai aka kafa ƙungiyoyin sojoji waɗanda aikinsu ɗaukar harsashi da abinci da kayan asibiti ne a ka, da ɗauko waɗanda aka raunata, kuma da yawansu ba a ba su bindiga ba. Idan bincike ya nuna mahaifi yana cikin waɗannan, kada ɗa ya ji an rage masa wani abu har ya so ya sauya labarin. Wanda ya ratsa ruwan harsashi da kaya a ka, ba shi da abin da zai mayar da martani, ni ban ga wanda ya fi shi jarumtaka a wannan fage ba.

Igiyar hannu tana taimakawa wajen jera hotuna: babu igiya farabiti ne, igiya ɗaya las kofur, biyu kofur, uku saja, samanja kuwa alamarsa tana wajen wuyan hannu. Wanda yake da hotuna uku yana iya sanin na farko da na ƙarshe ta wannan hanya, ko da yake ana cire wa mutum igiya saboda laifi. A kuma lura cewa a zamanin Yaƙin Hitila ba a bai wa ɗan Nijeriya anini a kafaɗa, sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara, kuma Zakariya Maimalari, wanda yake cikin hafsoshin farko daga Arewa, a 1953 ya samu nasa. Don haka ruwayar da ta ce kaka kyaftin ne a Bama tana buƙatar a sake dubanta. Lambobin yabo kuma suna da nasu bayani. Taurari masu tsini shida su ne na fagen fama: na Afirka ƙyallensa ruwan ƙasa ne mai haske da jan layi a tsakiya da siraran layuka shuɗaye, na Bama kuwa ja ne mai faɗi a tsakiya, gefensa shuɗi mai duhu da ruwan lemo. A hoto baƙi da fari ba a ganin launi, amma ana ganin faɗin layuka da jerinsu. Galibin waɗannan taurari ba a sassaƙa musu suna ba, saboda haka samunsu a adaka zato ne mai ƙarfi, bai kai yaƙini ba sai takardar sallama ta ambace su. Hoton da lambobi suke rataye a ƙirji kuma bayan yaƙi aka ɗauke shi, gama sai a 1946 mafi yawan mutanenmu suka dawo, dawowar da Malam Sa'adu Zungur ya yi wa waƙar maraba.

Akwai tarko uku da hoto kan ɗana wa mai gaggawa. Da yawa daga mazan jiya da aka sallama sun shiga aikin 'yan doka na En'e, ko gandiroba, ko masinjan ofis, kuma kakin waɗannan yana rikita wanda bai sani ba. Samari kuma kan ari rigar ɗan'uwa su shiga ɗakin hoto, bangon da ke bayansu mai jirgi ko bene kuwa zane ne a ƙyalle. Wani lokaci kuma mai wanki kan juya fim ɗin, dama ta koma hagu. Lambar yabo a ƙirjin hagu take zama, in ka gan ta a dama, ko ka ga haruffa a birkice, ka san abin da ya faru.

Yaƙin Basasa, wanda aka fara ran 6 ga Yuli 1967 aka gama ran 15 ga Janairu 1970, shi ne ya fi shafar iyayen masu karatun yau, gama a cikinsa ne rundunar ta tashi daga wajen mutum 10,000 zuwa wajen 250,000. Kayan jiki a nan ba su da tsari irin na da, don haka sunan kwamanda da sunan gari sun fi kafaɗa amfani. Wanda yake ambaton Muhammadu Shuwa da Nsukka da Inugu, wadda aka ci a farkon Oktoba na 1967, ɗan runduna ta ɗaya ne. Mai ambaton Murtala Muhammed da Binin da ƙetare kogin Kwara zuwa Anacha da kwanton ɓaunar Abagana na watan Maris 1968, ɗan ta biyu ne. Mai ambaton Adekunle ko Obasanjo da Kalaba da Fatakwal da yaƙin cikin ruwa, ɗan ta uku ne. Wajibi ne in faɗi cewa wannan bincike yana iya kai mutum inda ba ya so, gama a Asaba, a watan Oktoba na 1967, sojan tarayya sun kashe farar hula masu yawa. Kasancewar mahaifi a wata runduna bai isa hujjar ɗora masa laifin wani wuri ba, bai kuma isa hujjar wanke shi ba. A rubuta abin da ya tabbata, a bar hisabi ga Mai hisabi, a yawaita masa istigfari.

Bayan an gama da takarda sai a nufi mutane, kuma wannan ziyara ibada ce a kan kanta, domin sadar da zumunci ga abokan mahaifi bayan rasuwarsa yana daga mafi girman biyayya ga iyaye. Waɗanda suka yi yaƙin Bama sun ƙare sai wanda Allah ya tsawaita wa kwana, amma na Yaƙin Basasa suna nan, ana samunsu ta hannun ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, ko ta fadar Sarkin Pauwa a Ƙanƙara da ta Sarkin Yamma a Faskari da ta hakimin Sabuwa, inda fadawa suka san gidan kowane tsohon soja. A tafi da goro, a gaisa a natse, a nemi izini kafin a kunna na'urar ɗaukar magana. Kada a ce, "Baba, ai wannan mahaifina ne a Inugu, ko?" domin dattijo mai kunya zai ce haka ne don ya faranta maka. A miƙa masa hoton a ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ko ka shaida wani a nan?" sa'an nan a yi shiru. A tambayi kowa shi kaɗai, gama ruwayar mutum biyu da ba su haɗa baki ba ta fi ta goma da suka ji daga bakin mutum guda. In ya zo wurin da ya ɗauke kai ya yi shiru, a bar shi, a dawo wata rana.

Tsofaffi, musamman mata, ba sa riƙe shekarar Miladiyya, amma suna riƙe abin da ya faru, kuma da wannan ake ɗaure kwanan wata. In Gwaggo ta ce ya tafi kafin rasuwar Sarki Dikko, to bai wuce 1944 ba ke nan, shekarar da Usman Nagogo ya hau, wanda kuma ya je har Indiya da Bama ya gaishe da sojan Nijeriya. Wanda mahaifinsa ya ce ya ga Sarkin Katsina a can, ruwayarsa tana da gindi. Zuwan Sarauniya 1956 ne, rasuwar Sardauna Janairun 1966, canjin hannun tuƙi Afrilun 1972, canjin kuɗi zuwa naira Janairun 1973. Azumi ma ma'auni ne, domin daga 1943 zuwa 1945 Ramalana ya faɗo ne a Agusta da Satumba, cikin damina, daga 1967 zuwa 1969 kuwa a Nuwamba da Disamba, cikin sanyi.

Da lamba da suna da sunan bataliya a hannu ake ƙwanƙwasa ƙofar ma'ajiyar tarihi. Wanda bai dawo daga Yaƙin Hitila ba, a nemi sunansa a shafin intanet na hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth, kyauta ne, kuma sunayen 'yan Nijeriya da ba a san kabarinsu a Bama ba suna bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Rangoon. Takardun Lardin Katsina, wanda aka ware daga na Zariya a 1934, suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna ƙarƙashin alamar KATPROF, a can ne kuma, ko a Gidan Arewa, za a nemi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939 ta kuma riƙa kawo labarin yaƙin da Hausa. Littattafan da kowace bataliya take rubuta motsinta na kullum suna ma'ajiyar Kew a London, na Bama a jerin WO 172, na Afirka ta Yamma a WO 173. Da wuya su ambaci sunan farabiti, amma suna faɗin inda bataliyarsa ta kwana a rana kaza. Na Yaƙin Basasa kuwa, a nufi Hukumar Fanshon Soja a Abuja da lambar 63NA da shaidar zama magaji.

Daga ƙarshe a sami littafi mai bango mai ƙarfi, a ba kowane hoto shafinsa, a rubuta wanda ya ba da shi, da abin da ke bayansa, da abin da ke gabansa, da abin da mutane suka ce da sunan wanda ya faɗa, a kuma sa wa kowace magana matakinta na yaƙini ko zato ko shakka. Inda babu labari a bar gurbi fari, gama wani jika yana iya cike shi. A yi kwafi uku aƙalla, a raba su a garuruwa daban, ɗaya a hannun ɗan'uwa da ke Katsina ko Kaduna ko Kano, a kuma aika hotunan wayar ga dangi duka. Wanda yake da tsohuwa a gida, ko wani abokin mahaifinsa da ke raye a Sabuwa ko Faskari ko Ƙanƙara, ina roƙonsa ya fara da ita ko da shi a cikin makon nan, ma'ajiyar Kaduna da ta London su biyo baya.